Ginin Hearst: Tsohuwar fuska, sabon jiki

A tsakiyar birnin New York na Amurka, wani dogon bene na gilashi mai hawa 46 ya tsiro daga cikin tsohon gini mai hawa shida.

An kammala tsohon ginin kamfanin jaridu na Hearst a 1928. A 1988 hukumomi suka sanya shi cikin kayan tarihi, don haka ba damar rushe bangonsa na waje. Sai aka ƙwaƙule cikinsa, aka ɗora benen da Norman Foster ya zana, aka gama a 2006.

Magoya bayan irin wannan dabara na cewa titi bai rasa kamanninsa ba. Masu suka kuwa na ganin ɓawo kawai aka bari, ƙwayar ta tafi.