Gwajin bakin garke: gano boru kafin ta gama da dabbobin Sabha

A shekarar 2024 cutar ƙafa da baki, wadda makiyaya ke kira boru, ta faɗa wa shanun madara na Misrata a arewacin Libiya. Shanu suka mutu, madara ta ja baya ƙwarai, aka rufe kasuwannin dabbobi. Mazaunin unguwar Manshiya a Sabha zai iya cewa wannan ta mutanen bakin teku ce, tunda a Fazzan, yankin kudancin Libiya inda Sabha take, tumaki da awaki da raƙuma sun fi shanu yawa nesa ba kusa ba. Sai dai boru ba ta bar tumaki da awaki ba, kuma tunkiya kan yi yawo da ita ba tare da alamar kirki ta bayyana ba, har ta shafa wa 'yan shanun da ake tatsa a gonakin bayan gari. Ga shi kuma dabbobin da ke shigowa daga Chadi da Nijar da Sudan, ta kudancin Libiya suke biyowa. A farkon 2020, da Libiya ta fara ba da rahoton zazzaɓin Kwarin Rift, a kudu aka same shi, a Kufra, daga baya a yankin Ubari mai maƙwabtaka da Sabha. Shi wannan har mutum yana kamawa, musamman mahauci da mai taimaka wa dabba wajen haihuwa.

Babbar matsalar ita ce nisa. Cibiyar kula da lafiyar dabbobi ta ƙasa tana Tarabulus, fiye da kilomita 700 daga Sabha, kuma dole samfuri ya yi wannan tafiya cikin sanyi. Ita kuwa boru ba ta jira. Wani bincike da masana na cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Pirbright da jami'ar Edinbara a Birtaniya suka fitar a mujallar Science a 2011 ya nuna cewa saniya kan yaɗa cutar ne na ɗan lokaci, kusan kwana 1.7, kuma yaɗawar kan fara kamar rabin yini bayan alamu sun fito. Ke nan wanda ya ware ta da wuri yana iya tsirar da garke. Wanda ya tsaya jiran sakamako daga Tarabulus, kafin ya iso aikin gama ya gama.

Wannan giɓin ake so bayosensa ta cike. Ƙaramar na'ura ce mai sassa biyu. Na farko wani abu ne da aka samo daga halitta, galibi sinadarin garkuwar jiki, wanda ba ya kama komai sai ƙwayar bairas ɗin da aka shirya shi dominta. Na biyu shi ke mai da wannan kamun alamar da ido zai gani, ko layi mai launi, ko haske, ko lamba a fuskar na'ura. Mafi sauƙinta 'yar tsinke ce irin ta gwajin zazzaɓin cizon sauro da muka saba gani a asibiti. Malamin dabbobi zai ɗebi ruwan bororon da ya fito a harshen saniya ko ɗan ɓawonsa, ya dama da ruwan gwaji, ya ɗiga. Cikin 'yan mintoci layi biyu sun fito in akwai cutar. An yi aiki da irinta a Ingila lokacin ɓarkewar 2007.

Tsinken yana da iyaka: sai bororo ya fito yake aiki, kuma rashin layi na biyu ba shaidar lafiya ba ne. Mai son gano cutar tun kafin dalala da ɗingishi su fara sai ya nemi ƙwayar halittar bairas a jini ko miyau ko madara. Akwai hanyar LAMP, wadda ke ninninka wannan ƙwayar a zafin digiri 60 zuwa 65 cikin na'urar da batir ke iya ɗauka, ta ba da amsa cikin ƙasa da awa guda. Gwada madarar da aka haɗa daga garke duka ma yana iya tona cutar kafin mai tatsa ya lura.

Akwai kuma na'urorin da ake rataya wa saniya a wuya ko a ɗura mata su zauna a tumbi, irin na kamfanin smaXtec na Ostiriya. Suna auna zafin jiki da tuƙa, su aika saƙo waya idan zafi ya tashi daga wajen digiri 38.5 zuwa 40. Suna da amfani a manyan gidajen madara, amma ba sa faɗin sunan cuta, kuma suna son kuɗi da wuta da intanet marasa yankewa.

A ganina abin da Sabha ke buƙata shi ne tsinken nan mai araha a hannun malamin dabbobi, a kasuwa da mayanka da mashigar gari, tare da wurin ajiya mai sanyi, don zafin Sahara yana lalata shi. Mun ga aikin irinsa a yaƙi da cutar bushiya, wadda ta yi wa shanun Nijeriya ɓarna a 1983: gwajin bakin garke da Pirbright ta ƙera ya taimaka wajen bin sawun ragowarta a Pakistan da gabashin Afirka, har aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011. Tsinken boru yana da wata fa'ida ta daban. Bayan an karanta shi ana iya kashe ƙwayar da ke jikinsa da ruwan asid mai rauni, a aika da shi ɗakin bincike ba tare da ƙanƙara ba, a can a gane nau'in. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin boru nau'i bakwai ce, kuma rigakafin ɗaya ba ya kare ɗaya. A 2012 nau'in SAT2 ya ɓulla a Libiya da Masar, ya tarar da dabbobin da ba su da kariya daga gare shi.

Saura mutumin da zai kira malamin. Da yawa daga masu kiwo da tatsa a gonakin Sabha 'yan ci-rani ne daga Nijar da Chadi, su suke fara ganin saniya ta ƙi kiwo. Idan layi biyu yana nufin a killace garke ba diyya, mai gona zai gwammace ya sayar da dabbar da asuba, yaronsa kuma ya yi gum don tsoron rasa aiki. Dole hukuma ta haɗa rabon tsinken da biyan diyya da allurar rigakafi ga garken da ya kawo rahoto, a kuma yi wa masu kiwon bayani da Hausa da Tubanci da Buzanci, ba da Larabci kaɗai ba.