Mutumin da ya ba tsutsa rayuwarsa

Makiyayan Tibiri da Dogon Dutsi, kun san allurar nan Ivomec da ake yi ma shanu da tumaki don tsutsar ciki da ƙazuwa. To, ga labarin wani daga cikin waɗanda sunka gano ta.

Sunansa Wiliyam Kambel. An haife shi a ƙasar Ailan a 1930. Ubansa ɗan kasuwa ne mai sayar ma manoma kayan aiki. Tun yana ɗan lakwal hankalinsa ya koma kan tsutsar hanta, wadda ke ramar da tumaki. Ya tafi Amurka ƙarin karatu. A 1957 ya kama aiki a kamfanin magunguna na Merck, ya yi shekara 33 a can.

Wani masanin Japan, Satoshi Omura, yana yawo yana ɗibar ƙasa cikin ƴar jaka. Ya aika ma su Kambel ƙananan halittun da ya samu a cikinta, waɗanda ido ba ya gani. Anka gwada su ɗai-ɗai kan ɓeraye masu tsutsa. Guda ta kashe tsutsar sarai. Daga nan anka haɗa maganin, ya shiga kasuwa a 1981.

Maganin dabbobi ne. Amma Kambel ya lura yana kashe wata tsutsar doki, ƴar uwar wadda ke makanta mutane a bakin kogi. Ya ce a gwada kan mutum. Anka gwada a Dakar a 1981, ya yi aiki. A 1987 kamfanin ya ce zai riƙa ba da ƙwayar kyauta.

A Arewa ba mu da ruwa mai gudu inda ƙudan cutar ke haihuwa. Amma wajen Say ta makanta magidanta da yawa, har yaro ke jan ubansa da sanda. Anka yi feshin ƙudan daga 1976 zuwa 1989, daga baya anka rarraba ƙwayar. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka.

Kambel da Omura sun samu kyautar Nobel a 2015.

Abin mamaki, maganin shi kaɗai ba ya kashe tsutsar hanta, wadda Kambel ya fara da ita. Wanda dabbarsa ke shan ruwan tabkunan Dallol Mauri, sai ya tambayi ma'aikacin kiwo wani maganin. Allurar dabba kuma ba ta mutum ba ce.