Masu Dafa Taki a Cikin Juji

Wanda ya tura hannu cikin tarin taki da safiyar hunturu zai ji ɗumi, wani lokaci har tururi ya gani yana tashi. Wannan zafi daga jikin wasu ƙananan halittu yake fitowa, waɗanda ido ba ya gani, suna cin karan gero da ɓawon gyaɗa da kashin awaki.

Bakteriya ne a kan gaba, kuma a cokali ɗaya na taki akwai miliyoyinsu. Masu son matsakaicin ɗumi ke fara aiki, su cinye duk abin da ke da laushi da zaƙi. Cikin 'yan kwanaki sai zafi ya haura digiri 45, su ja da baya, masu jure zafi irin dangin Bacillus su karɓa. Nan ne ribar take. In tarin ya kai digiri 55 zuwa 60 ya jima a haka, yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa sukan mutu. Manomin da ya loda ɗanyen kashin dabbobi a mangala ya kai gona ya tsallake wannan mataki, shi ya sa ciyawa ke cin ƙarfinsa da damina. Amma kada zafin ya wuce digiri 65, don a nan masu aikin su ma sukan fara halaka.

Da tarin ya huce, funfuna da danginta kan kama busasshen kara mai tauri, wanda ya gagari bakteriyar farko. A lokacin ake ganin wani farin zare-zare mai kama da toka; aktinomaisit ke nan, su ke ba nunannen taki ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa. Sai ƙwari da tana su ƙarasa.

Abin da mutum zai yi kaɗan ne, amma ba a wasa da shi. A gauraya busasshen kara da ɗanyen ganye da kashi. A riƙa juyawa don iska ta shiga. In ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, iska ce ta ƙare, in kuwa zarnin fitsari ne, kashi ya yi yawa. A ƙasarmu ƙishirwa ce ta fi tsayar da aikin da rani. Damƙi takin ka matse: ya kamata ya dunƙule ba tare da ruwa ya zubo ba. In ya warwatse, a yayyafa ruwa, a lulluɓe da ciyawa ko tsohon buhu.