Kukan Dare da Kumburin Ciki Bayan An Mai da Jariri Kan Madarar Gwangwani

A ziyarar gidaje da muke yi a Kahu da sauran ƙauyukan Kibiya da Rano, mukan tarar da gidan da aka kwana ba a runtsa ba saboda kukan jariri. Sau da yawa jaririn da aka ɗauke daga nonon uwa aka mai da shi kan madarar gwangwani ne. Wani uwarsa ta rasu wajen haihuwa, wani uwarsa na kwance a asibiti, wata kuma 'yan biyu ta haifa, nono bai wadace su ba. Da rana yaro lafiya lau, amma da faɗuwar rana sai ya fara murɗe-murɗe, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, cikin ya yi tam, ya yi ta tsala kuka. Kafin gari ya waye an fara zancen maita ko iskoki, har a nuna wata tsohuwa da yatsa. Mun rubuta wannan koyarwa domin mu nuna cewa iskar da yaro ya haɗiya tana iya ƙara wannan kuka, kuma mai renonsa yana iya sauƙaƙa shi.

Me ke kawo shi?

Abu na farko, hanjin jariri bai gama ƙwari ba. Ko masu shan nono zalla sukan yi irin wannan kuka. Yakan fara wajen mako 2 da haihuwa, ya tsananta wajen mako 6, ya lafa da kansa tsakanin wata 3 zuwa 4. Madarar gwangwani kuwa daga nonon saniya ake sarrafa yawancinta, ta fi nonon uwa daɗewa a ciki kafin ta narke. Shi ya sa idan aka sauya, kashin yaro kan ƙara tauri da wari, tusa ta yawaita, har cikin ya saba bayan mako ɗaya ko biyu.

Abu na biyu shi ne bulumboti. Idan ramin kansa ya yi faɗi, madara takan zubo da ƙarfi, yaro ya riƙa gwaɓa yana haɗiyar iska. Idan ramin ya yi ƙanƙanta, ya yi ta zuƙa, nan ma iska yake ja. Girgiza kwalba da ƙarfi yana cika madara da kumfa, kumfa kuwa iska ce. Yaron da aka bari ya yi dogon kuka kafin a ba shi abinci ya riga ya cika cikinsa da iska tun bai fara sha ba.

Akwai abubuwan da kan iya sa abin ya fi tsanani da dare. Mai reno ta gaji, takan ba shi yana kwance, wani lokaci a tokare kwalbar da zane a bar shi. Ba a jira ya yi gyatsa. Madarar kuma a cikin duhu ake haɗa ta, ba a ganin layin awo da kyau.

Yadda ake haɗa madara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida kan wannan a shekarar 2007, domin garin madara da kansa yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. A wanke hannu da sabulu. A wanke kwalba ko kofi, a tafasa su. A tafasa ruwa sosai, ko na rijiya ne, ko na burtsatse, ko na leda. Kada a bar shi ya huce fiye da minti 30, domin ana so zafinsa kada ya gaza digiri 70 lokacin haɗawa. Ruwa ake fara zubawa, sa'an nan gari. A yi amfani da cokalin da ya zo a cikin gwangwanin, a shafe kansa, kada a yi tozo kuma kada a danna. Yawancin madara cokali ɗaya ne ga mililita 30 na ruwa, amma a bi abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. A juya kwalbar a hankali har garin ya narke, a tsoma ta cikin ruwan sanyi, a ɗiga a bayan hannu a ji ɗuminta. Abin da ya wuce awa 2 da haɗawa a zubar. Domin dare, a ajiye tafasasshen ruwa a filas mai tsabta, a ajiye tocila kusa, a haɗa sabuwa duk lokacin da yaro ya farka.

Idan gari ya yi yawa, kashi yakan yi tauri, ƙodar yaro ta wahala. Idan ruwa ya yi yawa, yaro yakan cika ciki amma bai ƙoshi ba, ya yi ta kukan yunwa ana cewa ciwon ciki ne, yana ramewa a hankali.

Yadda ake ba shi

A ɗauke shi a hannu, kansa ya fi cikinsa tudu. Kan bulumbotin ya kasance cike da madara. A tsakiyar sha a dakata, a ɗora shi a kafaɗa, a riƙa shafa bayansa har ya yi gyatsa, haka kuma bayan ya gama. A riƙe shi a miƙe kamar minti 15 zuwa 20 kafin a kwantar. Kaɗan-kaɗan akai-akai ya fi a ɗura masa da yawa lokaci guda. Ma'aikatan lafiya sun fi son ƙaramin kofi a kan bulumboti, domin ya fi sauƙin wankewa. Unguwarzoma a asibiti za ta nuna yadda ake yi. Idan kukan ya tashi, a shafa cikinsa a hankali, a motsa ƙafafunsa kamar mai tuƙa keke, ko a goya shi a zaga tsakar gida. In zai yi barci, a kwantar da shi rigingine. Duk tsananin gajiya, kada a jijjiga jariri da ƙarfi, domin hakan yana iya lalata ƙwaƙwalwarsa. Gara a ajiye shi, a kira wani ya karɓa.

Abin da za mu guje wa

Kada a ba jariri jiƙo, dauri, kanwa, ko zuma, kada kuma a kai shi wurin wanzami a yi masa tsaga a ciki. Kafin wata 6 ba a ba shi koko, kunu, nonon shanu, ko madarar shayi irin ta sacet, ko da ta fi araha. Kada a yi ta sauya irin madara duk bayan kwana biyu. Kada kuma a sayi maganin ruwa a kemis ba da shawarar likita ba. Mu tuna da ƙarshen shekarar 2008, lokacin da maganin haƙori mai suna My Pikin ya yi sanadin mutuwar yara fiye da 80 a ƙasar nan, hukumar NAFDAC kuma ta janye shi. Iyayensu sauƙi suka nema musu.

Lokacin zuwa asibiti

Kukan iska yana zuwa yana wucewa, yaro yana sha, yana fitsari, nauyinsa yana ƙaruwa. Amma idan jikinsa ya yi zafi, musamman kafin wata 3, ko ya ƙi sha, ko yana amai mai launin kore, ko amai da ƙarfi bayan kowane sha, ko akwai jini a kashinsa, ko zawo, ko maɗigarsa ta faɗa, ko fitsari ya ragu, ko cikin ya kumbura ya yi tauri bai sauka ba, ko jikinsa ya saki, to, ba a jiran safiya. A nemi abin hawa a kai shi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Rano. Mu yi addu'a muna kan hanya.

Hakkin ikkilisiya

Nonon uwa zalla har wata 6, da ci gaba da shayarwa har shekara 2, shi ne abin da likitoci ke koyarwa, mu ma shi muke ƙarfafawa. Uwar da nononta ya ragu tana iya dawo da shi idan ta riƙa sa yaro a mama akai-akai. Wadda ta yi kwanika ba lallai ta yaye ba, ta fara neman shawara a asibiti. Amma inda madara ta zama dole, kada mu ɗora wa uwa laifi. Jariri yana bukatar kusan kilo 20 na gari a watanni 6 na farko, wato gwangwani 50 masu giram 400. Manomin da ke jiran kaka ya sayar da gyaɗa ko masara ba zai iya shi kaɗai ba, kuma daga nan ne ake fara ƙara ruwa.

Littafin Rut ya nuna mana Na'omi tana renon Obed, matan unguwa suna kewaye da ita. Haka ya kamata ya zama a cikinmu. Zumuntar Mata ta tsara masu kwana a gidan da ke da maraya ko 'yan biyu, domin mai reno ta sami barci. Dattawa su keɓe wani abu daga baiko domin gwangwanin madara, su kuma tsawata wa masu zargin maita. Maigida ya tashi ya karɓi yaro da dare, wannan ba abin kunya ba ne. Ubangiji ya raya mana 'ya'yanmu, ya ba masu renonsu ƙarfi. Amin.