Barin Manhajar Haya Zuwa Ta Kyauta

Ana sanar da Hakimai da malamansu cewa tun 2016 kamfanin Autodesk ya daina sayar da Maya, watau manhajar kwamfuta mai zana siffa da tsawo da faɗi da kauri. Haya ake biya. Ran da kuɗi ya yanke, aiki ya tsaya.

Akwai wata, Blender, wadda Ton Roosendaal, mutumin Holan, ya ƙaga. A 2002 jama'a suka yi karo-karo suka fanshe ta, ta zama ta kowa.

Amma fa Blender ba ta buɗe fayil ɗin Maya sai an juya shi zuwa FBX ko OBJ, kuma dole ma'aikata su sake koyo. Saboda haka a ƙarasa tsohon aiki tukuna, sa'an nan a soma sabo da Blender.