Karen Gadi Ma Yana Bukatar Miƙe Ƙafa

A Kaduna da Jos da Ikko gidaje da dama suna ajiye karen gadi, amma sau da yawa sai ka tarar da shi ɗaure a gindin bishiya tun safe har dare. Irin wannan kare shi ne ke hana unguwa barci da haushi, ran da ya tsinke kuwa sai ya auka wa wanda tsautsayi ya ritsa da shi. Mafarauta ba su cika fama da wannan ba, domin karnukansu suna samun gudu a daji.

Maganin abin shi ne a riƙa fita da shi kullum, da sassafe ko da la'asar sakaliya. Dalili kuwa, kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, kwalta kuma da tsakar rana tana ƙona masa tafin ƙafa. A riƙe igiya sakwa-sakwa. In ya ja, a tsaya cik har ya dawo, kada a fizge shi. A ƙyale shi ya sunsuna abin da ya ga dama, da hanci yake sanin gari. A kauce wa ƙofar masallaci da wurin wasan yara, kuma kada a fita da karen da ba a yi wa allurar rigakafin ciwon hauka ba.

Shi ma maigida yana da riba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Tafiyar minti 30 sau biyar ta cika wannan adadi, tana kuma taimakawa wajen rage hawan jini. Sai dai galibi mai gadi ake turawa da karen, maigida yana zaune a falo.