Wasan Da Masu Sha'awa Suka Ƙera, Kamfani Ya Mallaka

A watan Nuwamba na shekarar 1998 ne wani kamfanin Amurka mai suna Valve ya fito da wasan harbe-harbe na kwamfuta wanda ake kira Half-Life. Kamfanin bai tsaya ga sayar da wasan kaɗai ba, har ya ba jama'a kayan aikin da za su sāke masa fasali yadda suka ga dama. Wannan al'ada kuwa daɗaɗɗiya ce, domin tun zamanin wasan Doom na 1993 masu sha'awa suke zana nasu filayen dāga.

Cikin waɗanda suka yi amfani da wannan dama akwai wasu samari biyu, watau Minh Le, ɗalibin jami'a a Kanada wanda aka haifa a Biyetnam, da Jess Cliffe, Ba'amurke. Suka kawar da dodannin wasan, suka raba 'yan wasa gida biyu, 'yan ta'adda da jami'an tsaro. Wanda aka harbe ya koma ɗan kallo ke nan sai an shiga wani zagaye, kuma da kuɗin da mutum ya tara a zagayen baya zai sayi bindiga. Wannan doka ce ta sa kowa yake tattalin ransa, ba ya faɗa wa abokan gaba da ka. A watan Yuni na 1999 suka saki aikin nasu kyauta da sunan Counter-Strike. A shekarar 2000 Valve ya saye shi, ya kuma ɗauki samarin aiki.

To, amma ƙofar da ta buɗe wa waɗannan ba ta buɗe wa kowa ba. Wasu masoya tsohon Counter-Strike sun yi kimanin shekara takwas suna wani aiki mai suna Classic Offensive, don su maido da kamannin wasan na dā a kan sabon injinsa, ba tare da wani ya biya su kwabo ba. A 2017 an amince musu su shiga Steam, kasuwar wasannin kamfanin. A farkon 2025 sai Valve ya ƙi karɓar aikin, kuma a watan Mayu na shekarar suka ba da sanarwar sun ajiye shi.

A doka dai kamfanin yana da iko a kan kayansa, wannan ba gardama. Sai dai abin da wuyar haɗiya, tun da hajar da ake karewa ɗin daga hannun irin waɗannan samari ta fito.